Fentin Motar Malam

Da Malam ya rasu, abin da ya bari ba shi da yawa: gida, gonar albasa a fadama, sai mota. Aka zauna rabon gado a zaurenmu nan Wurno. Gida ya tsaya na kowa, gona aka yanka ta, motar kuwa ta faɗa rabon ɗana na fari.  Ba a tambaye ni ba, kuma wanda ta faɗa wa ba mutumin da nake zama in yi magana da shi ba ne.

Mu yadda muka tashi, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta hira da shi, ba ta roƙonsa komi. Matan yanzu sun saki wannan. Na ga wata a kasuwa tana kwaɗa wa nata kira da suna, har da jan kunne. Ni abin da na tarar shi na riƙe. Kullum da safe yakan zo ya durƙusa bakin ƙofar ɗakina ya ce, "Inna, an tashi lahiya?" In amsa ina kallon bango. In ina da magana, matarsa ke ɗauka ta kai masa. Gemunsa ya fara fari, yana aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, mutane na tashi tsaye in ya shigo, amma tsakanina da shi har yau haka ne.

Motar irin waɗanda aka haɗa a ƙasar nan ce, can Kaduna, zamanin da in mutum ya ce ya sayi mota ba a tambayarsa wace iri. Doguwa ce mai faɗi, ruwan toka. Fitilunta na gaba sun ɗan karkace kamar idon mace mai harara, bayanta ya zubo ƙasa kaɗan. Bambarta farin ƙarfe ne mai ɗaukar ido, ba roba ba. Wani bunsuru ya taɓa gwada kansa da ita, bunsurun aka yanka. Giya a jikin sitiyari take, saboda haka kujerar gaba shimfiɗa ɗaya ce daga ƙofa zuwa ƙofa. Ta baya kuwa, gadon da aka kawo ni da shi gidan Malam bai kai ta taushi ba. Cikinta a ɗage yake daga ƙasa, kare na shigewa ƙarƙashinta a guje ya fita ta can bai sunkuya ba. In ka rufe ƙofarta, ƙara ɗaya take yi, mai nauyi, irin ta murfin akwatin ƙarfe.

Malam ya saye ta hannun wani ma'aikaci da aka yi wa canjin gari, shekarar da albasa ta yi kyau. Ya sa ta aikin da mai imani ba ya sa jaki. Ta ɗauki albasa, ta ɗauki taki, ta ɗauki injin ban ruwa, ta taɓa ɗauko maraƙi daga kasuwar Gandi an ɗaure ƙafafunsa an kwantar a but. Wata mata ta Magarya ta haihu a kujerar baya kafin a isa asibiti, ni na riƙe mata kai. Warin albasa ya shige soson kujerun, ba sabulun da ya iya fitar da shi. Takan yi tari, takan yi fushi ta tsaya, amma ban taɓa ganin ta kwana a hanya ba. Duk ƙauyen da ta tsaya akwai wanda ya san ciwonta, in kuma babu, waya da tsumma sun isa su kawo ta gida.

Mai tuƙa ta tun zamanin Malam taubashina ne, ɗan kawuna. Makanike ne tun yana yaro. Yanzu haƙoransa sun zube, tabaransa da zare ya ɗaure, amma in ya kasa kunne ya ji injin sai ya ce ga inda ke mata ciwo. Ni da shi ba mu taɓa gaisawa da mutunci ba, haka wasan taubasai yake, kuma shi kaɗai ne namiji a Wurno da ke iya ce mini kura ya kwana lafiya.

Abin da ya sa motar ta dame ni, yayata ce. A Rara take aure, ita kaɗai ta rage mini cikin waɗanda muka sha nono ɗaya. Idonta ya tafi, ba ta zuwa ko'ina. Ni nake zuwa. Lokaci-lokaci, ranar kasuwar Gandi, taubashina yakan ɗauke ni mu fita da hantsi, ya sauke ni wurinta ya wuce kasuwa, mu juyo tun rana na sama kamar yadda kowa ke yi yanzu. Wanda ya san hanyar ya san in an bar kwalta sai yashi da kwazazzabai, da damina kuma laka. Ƙananan motocin nan na Kwatano ba su shiga, cikinsu ke kama ƙasa. Sai babur. Gwiwata ba ta lanƙwasuwa, kuma ko tana lanƙwasuwa ba zan hau bayan ɗan wani in riƙe masa riga ba. In motar Malam ta bar gidan nan, ni da yayata sai dai a aiko wa ɗaya cewa ɗaya ta rasu.

Ɗana ba mugu ba ne. Abokan aikinsa ne suka dame shi da dariya, suna ce wa motar rumbun albasa. Shi kuma ransa ya kwanta kan wata 'yar Kwatano mai sanyi a ciki. Matarsa ta zo ta zauna gefen tabarmata tana murza yatsu ta ce za a sayar da tsohuwar, amma ya ce kada Inna ta damu, da kansa zai riƙa kai ta Rara a sabuwar. Na ce Allah ya sa alheri. Na san inda sabuwar za ta tsaya, na san ma wane yashi ne.

Mai sayen daga Abuja ya zo. Wani ne ya ɗauki hoton motar a waya ya tura, hoton ya yi ta yawo har ya faɗa hannunsa. An ce yana da fili cike da tsofaffin motoci, ba ya haya da su, ba ya zuwa ko'ina da su, ajiye su kawai yake kamar yadda wasu ke kiwon tantabaru. Ya iso da hantsi cikin farar shadda. Akwai wata tsaga a ƙofar zaurenmu da na san amfaninta tun ina amarya. Na ja kujera 'yar tsugune na zauna.

Ya zagaya motar a hankali. Ya zo kan bonet inda rana ta cinye fenti har ya yi fari-fari, ya ɗora hannu.

"Wannan fentin kamfani ne? Ba a taɓa sake shi ba?"

"Ba a taɓa ba, ranka shi daɗe," in ji ɗana, kansa a ƙasa. "Hali ne bai samu ba."

Baƙon ya buɗe ƙofa ya rufe, ya sake buɗewa ya rufe, ya karkata kai yana saurare. Ya shiga ya zauna, ya ja numfashi mai tsawo, albasar shekaru ta shige masa hanci, bai ko yamutsa fuska ba. Ya bi ɗinkin kujera da hannu har inda ya yage. Ya murɗa rediyo.

"Ai ta daɗe ba ta magana," in ji ɗana.

"Amma tata ce ta asali?"

"Ita ce, ranka shi daɗe. Za a iya canzawa."

Ya fito ya tsuguna da farar shaddarsa ya leƙa ƙarƙashi. Ya sa taubashina ya tayar da ita, ya tsaya ya rufe ido yana ji. Ba su gama ciniki ba a ranar. Ya ce zai dawo bayan Sallah da motar da za ta ɗauke ta, a ƙarasa magana a lokacin. Har ya shiga motarsa, sai ya sauke gilashi.

"Abu ɗaya nake roƙo. Kada a taɓa komai a jikinta. Ko wankewa kada a yi."

Ƙurarsa ba ta kwanta ba na ji ɗana a zaure yana ce wa taubashina, "Kawu, ka ga wayon mutanen birni? Duk inda aibu yake sai da ya sa hannu. Fenti ya mutu, kujera ta yage, rediyo ba ta magana. Yadda mai sayen shanu ke yi a kara ke nan, ya latsa ƙashin baya ya ce ramamme ne. Wai kuma kada a taɓa. So yake ya same ta a wulaƙance ya karya mata daraja, ya je can ya gyara abinsa."

Taubashina ya ce, "Uhm."

Ban ga laifin yaron ba. Jikan 'yan kasuwa ne, duk cinikin da ya gani tun yana goye haka yake tafiya, mai saye ya kushe, mai sayarwa ya yaba. Amma ni na yi shekaru ina sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli daga cikin gida, hannun mai saye kawai nake gani ta ƙofa, na san hannu. Mai kushe da ɗan yatsa ɗaya yake taɓawa, idonsa a kan fuskarka yana duba ko ka ji zafi. Wannan mutum da tafin hannu ya shafa, kuma ko sau ɗaya bai kalli ɗana ba. Haka Malam yake shafa ta in ya dawo daga tafiya.

Da la'asar taubashina ya shigo tsakar gida ba sallamar kirki, ya ɗauki goro a faifaina.

"Ke tsohuwar kura, kin ji an sai da gadonki?"

"Na ji an sai da abincinka. Wa ka ba makaho tuƙi in wagga ta tahi?"

"Makahon ga dai shi ka kai ki Rara ki dawo da ƙahwa biyu."

"Aje min goro. Mi kag gani ga mutumen nan?"

Ya tauna da dasashi ya daɗe. "Mahaukaci na. Tsuhwa shika so. Da za a sai mishi da ke ma, sai shi biya."

"Yaron bai gane ba?"

"Ina shi gane."

"Kai ka hwaɗa mishi?"

"Ni wa? An tambaye ni?"

Ya kalle ni ta saman tabarau, na kalle shi.  Ya ɗauki goro na biyu, wannan karon na bar masa.

Washegari surukata na tsintar shinkafa kusa da ni, na yi gyaran murya. Yarinya ce mai hankali, abin da aka ba ta shi take kaiwa, sai dai takan ƙara masa gishiri.

Na ce, "Ki gaya wa mai gidanki, ban hana kowa sai da abin da Allah ya ba shi ba. Amma gidan ga ko akuya za a kai kasuwa sai an wanke ta an tsefe ta. Motar ubanai ba ta hita garin ga tsirara, a je Abuja a ce haka mutanen Wurno ka riƙon kaya."

Duk wanda ya san gidanmu ya san ba ƙarya a ciki. Ragon layya ma sai mun wanke shi da sabulu. Ko kwanon maƙwabta ba mu mayarwa sai an goge an sa wani abu a ciki. Abin da na sani game da hannun baƙo kuwa, ba wanda ya tambaye ni.

Saƙon ya isa da gishirinsa. Da yamma sai ga tsire mai zafi an aiko mini a takarda. Surukata ta ce ya yi murna, ya ce ashe Inna ma ta ga abin da ya gani. Na ci tsiren. Ya ɗan tsaya mini a wuya, na kora da ruwa.

Shi a ransa wanka ne da ɗan shafe-shafe, a mayar da ruwan tokar yadda yake. Amma aiki ya riƙe shi a sakatariya, sai ya miƙa wa kawunsa makulli ya ce a yi mata abin da ya dace. Taubashina ya ce ya san wani gwani a Goronyo. Bai faɗa masa gwanin manyan motocin ɗaukar albasa yake yi wa ado ba. Da zai tafi ya leƙo ɗakina.

"Wane launi kika so?"

"Wanda za a hango daga Rabah."

"Ki tuna ke kic ce."

Ta yi kwanaki a Goronyo. Ranar da ta dawo, kafin in gan ta na ji ta. An sa mata hon mai waƙa, irin wanda in an danna sai ya rera abinsa har ƙarshe ko an sake shi. Na ja kujerata zuwa tsagar ƙofa.

Kore ce shar, koren ganyen albasa da ya sha ruwa. An ja mata ratsin rawaya daga fitila har wutsiya. Kowace ƙofa da furanni ja da shuɗi. A kan but an zana wani tsuntsu da aka ce dawisu ne, ni zabo na gani da ya faɗa cikin ruwan baba na rini. Farar bambar nan da ta kashe bunsuru an yi mata zane ja da fari kamar sandar 'yan sanda. An zagaye gilashin gaba da tuntaye. Kujerun an lulluɓe su da jan yadi mai gashi, an buga da ƙananan ƙusoshi, an bi da leda a sama. An cire tsohuwar rediyo an sa wata mai ƙyafta fitilu. An feshe ciki da turare har albasa ta ɓuya. A gilashin baya an yi rubutu. Ban tambayi abin da aka rubuta ba, don taubashina ne kaɗai a kusa, kuma na san ba gaskiya zai karanta mini ba.

Unguwa ta fito kaf. Limaminmu ya ce ai ta koma sabuwa. Mai shayin bakin titi ya ce ko gwamna ya shiga wannan ba a raina shi ba. Ɗana ya dawo daga aiki ya tsaya turus, don ba haka ya zata ba. Amma da yabo ya yi yawa sai kafaɗarsa ta tashi, ya zagaya ta yana murmushi, har ya danna hon da kansa.

Ni kuwa gabana ya faɗi. Na nemi muni, an auno mini da babban mudu har ya zuba. Motar da Malam ke shiga da rawani mutane su matsa, ga ta kamar 'yar rawa a gidan biki. Da taubashina ya shigo na tare shi.

"Na ce a yi mata kwalliya, ban ce a mai da ta 'yar gaɗa ba."

"Ke kic ce a hango ta daga Rabah. Na ƙara miki, daga Gandi ma ana hangowa."

"Zabon hwa?"

"Kyauta ta. Yac ce don girman Malam."

Bayan Sallah baƙon ya dawo, da wata doguwar mota mai shimfiɗaɗɗen baya tana biye da shi. Ɗana ya sa babbar riga. An lulluɓe motar da tamfol don a ba baƙon mamaki, aka yaye a gabansa.

Ya duba ta, ya duba hagu, ya duba dama.

"Ina motar?"

"Ga ta nan, ranka shi daɗe."

Baƙon ya cire hularsa ya riƙe. Ya matsa ya sa farce a jikin fure ɗaya ya ɗan kankara. Ya buɗe ƙofa ya zauna, leda ta yi ƙara a ƙarƙashinsa. Da zai fito gwiwar hannunsa ta danna hon, aka tsaya tsit ana jira waƙar ta ƙare, ba ta da gajarta.

"Me na ce muku ranar da zan tafi?"

"Mun ji, ranka shi daɗe," in ji ɗana. "Amma ba mu iya ba babban mutum irinka kaya haka ba. Kuma ba za a ɗora maka komai a kai ba, mu muka ɗauki nauyi."

Baƙon ya juya wurin taubashina, muryarsa ta yi ƙasa. "Baba, tsohon fentin yana ƙarƙashi? In an wanke wannan za a same shi?"

Nan na manna kunne jikin tsagar, don ban yi wannan tunanin ba.

"A'a, Alhaji," in ji taubashina. "Ai mutumen Goronyo ba ya ha'inci. Sai da yak kankare ta tas har ƙarhe, ina tsaye."

"Rediyon fa?"

"Wa ka aje matacciyar rediyo?"

Mutumin ya mayar da hularsa. Bai yi faɗa ba. Ya ce yana so ya gai da uwar gida kafin ya juya. Aka shimfiɗa masa tabarma a bakin zaure ta ciki, na zauna daga nesa, na sa aka dama masa fura. Ya sha sosai, bai raina ba.

"Hajiya, kin ga abin da aka yi wa motar nan?"

"Na ga an yi mata wanka."

"Mahaifina yana da irinta," in ji shi. "Wannan launin, wannan kujerar. A cikinta ake kai mu gaishe da kakarmu. Na daɗe ina neman wadda ba a taɓa ba."

"Allah shi jiƙan mahaihinka," na ce. "Ni ma cikinta aka kai ni gaida tawa 'yar'uwa. Tana Rara, ba ta gani."

Ya ɗago ya dube ni. Ya dubi kujera 'yar tsugune da na manta a bayan ƙofa, ya dubi tsagar da ke saitinta. Sai na ga gefen bakinsa ya motsa.

"Hanyar Rara da nisa?"

"Ba nisa. Yashi dai."

"To Allah ya bar zumunci, Hajiya."

Na ji tausayinsa, na sa aka ɗora masa buhun albasa mai kyau, ta fadamarmu. Haka doguwar motar nan da aka ɗauko tun daga Abuja ta juya, ba komi a bayanta sai buhu ɗaya an ɗaure shi a tsakiya da igiya.

Ɗana ya yi kwanaki ba ya cin tuwo sosai. Masu yabon fenti ba wanda ya taya. Masu sayen tsohon ƙarfe suka ji labari suka zo da sikelinsu, ya kore su har bakin titi, ya ce motar ubansa ba gwangwani ba ce. Maganar 'yar Kwatano ta mutu, ya ci gaba da zuwa aiki a babur ɗinsa. Surukata ta daina zama kusa da tabarmata. Na lura kuma in ya fito zaure yakan tsaya ya kalli ƙofar nan mai tsaga.

Wata safiya ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa, bai tashi ba.

"Inna, an ce jibi kasuwar Gandi."

Na ce wa bango, "Haka aka ce."

Ya tashi ya fita.

Ranar na shirya ƙullin da nake kai wa yayata, daddawa da kuka da ɗan man shanu, na ja mayafi na fito ina shirin zama kan leda. Na buɗe ƙofar baya. Ba leda, ba jan yadi. Tsohuwar kujerar ce, da yagewarta, da ramin da jikina ya yi mata, sai ƙananan hujojin ƙusa a gefe. Albasa ta fara leƙowa ta ƙarƙashin turare. Kujerar gaba kuwa tana nan da jan gashinta.

"Aikinka na?" na ce wa taubashina.

"Ni da nis sa a buga? Yaronki na. Yana hitowa masallaci da sahe yaz zo da reza da hilaya, shi kaɗai."

"Yac ce mi?"

"Yac ce wadda tas sa aka yi kwalliya ta zauna ga tsohon wurinta, kar ta zame."

Na shiga na miƙe ƙafa. Na ce masa ya tuƙa, ya bar kallona a madubi.

Tafiyar ba ta yi mini daɗi ba, in faɗi gaskiya. Duk inda mutum biyu suka taru sai tsohon nan ya danna hon. A Rabah har masu sayar da rake suka bar rake suna nuna mu. Na ja mayafi na rufe fuska sai ido, na ce in ya sake dannawa zan fasa masa tabarau. Ya sake. Da muka bar kwalta muka shiga yashi, sai ga wata ƙaramar mota sabuwa ful ta kafe har ƙofa, maza sun tuɓe riguna suna turawa. Motar Malam ta sauke murya ta bi ta gefensu da furanninta da zabonta, ko tari ba ta yi ba. Nan kam na ɗan sassauta mayafin.

Yayata na zaune inuwar ƙofar gidansu. Tun muna nesa na ga ta ɗaga kai, ta san muryar injin. Taubashina ya tsaya a gabanta ya danna waƙarsa.

"Muryar motar Malam ta," in ji ta, "amma wane shaƙiyyi ka tuƙi?"

"Mijinki na, tsohuwa," in ji shi. "Na zo biko."

"Koma, ba ni auren mai dasashi."

Na kama hannunta ta tashi. An riga an kawo mata labari cewa za a sayar da motar, ta ce ta yi kwanaki tana lissafin ba za ta ƙara jin muryata ba sai a waya. Ta ce in kai ta ta taɓa. Ta shafa ƙofa, yatsunta suka bi tudun fenti suna zagaya ganyen fure.

"Mi aka yi nan?"

"Hure."

"Wa yas sa?"

"Wancan tsohon."

"Shi ya kai ta dai," in ji ta. "Na san hannunki tun kina ɓoye min tuwo cikin tulu."

Ta laluba ta buɗe ƙofar baya ta zauna a ramina. Ta ja numfashi, ta ce albasar Malam tana nan. Ta ja ƙofar ta rufe don ta ji ƙarar, ta buɗe, ta sake rufewa. Sannan ta leƙo da kai ta taga.

"Launinta hwa? Yana nan?"

Na ce, "Yadda kika san ta."

Taubashina ya buɗe baki. Na juya na dube shi irin duban da ya sani tun muna yara. Ya rufe bakin, ya miƙa hannu ta taga ya danna hon.